IDAN TAYA TA ƘI FITA BAYAN AN KWANCE NOTUNA

Ga wani abu da ya sha faruwa ga 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, musamman idan Salla ta gabato ana haramar tafiya gida. Mutum ya yi wata da watanni yana tanadi, ya kai motarsa gareji an juye baƙin mai, an duba birki da fitilu, ya cika but da tsaraba, ya kwashi iyali tun da asuba daga Agege ko Idi-Araba ko Mil 12, ya kama hanyar Badun. Bai kai Shagamu ba sai ya ji mota tana ja gefe guda. Faci ne.

To, faci ba abin tashin hankali ba ne ga wanda yake da safaya da jak da sifana. Sai ya raɓe gefen hanya, ya kwance notuna, ya ɗaga mota, ya kama taya da hannu biyu ya ja. Ko motsi. Ya sake ja, ya girgiza, ya yi gumi sharkaf, taya tana nan daram kamar an yi mata walda. Ga manyan motoci suna wucewa suna kaɗa shi da iska, ga yara suna kuka a cikin mota, ga tafiyar wajen kilomita 1,000 tana jiransa kafin ya ga Kano.

A daidai wannan lokaci ne ake yin kuskuren da yake jawo asarar ƙafa, wani lokaci ma asarar rai. Mutum ya fusata, ya zauna a ƙasa ya zura ƙafafunsa ƙarƙashin mota, ko ya kutsa kansa ciki da dutse a hannu yana dukan taya ta baya, alhali kuwa babu abin da yake riƙe da motar sai ɗan jak ɗin nan da aka sayo ta da shi. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin abin da yake riƙe tayar, da yadda ake fitar da ita lafiya, da kuma yadda za a yi kada ta sake liƙewa.

ABIN DA YAKE RIƘE TA

Da farko mu bambance abu biyu. Akwai noti da ya ƙi kwancewa, akwai kuma taya da ta ƙi fita bayan notuna sun fita. Maganarmu ta yau a kan na biyun take, ko da yake za mu taɓo na farkon a gaba.

Idan ka dubi wili, watau ƙarfen da aka sa wa robar taya, za ka ga babban rami a tsakiyarsa. A jikin mota kuma akwai ƙarfen da wilin yake zama a kansa, wanda makanikai ke kira hob, yana da ɗan baki zagayayye da ya fito waje. Wannan baki shi ne yake shiga cikin ramin wili, kuma an auna su ne su zauna cif da cif domin taya ta daidaita a tsakiya, kada ta yi rawa idan ana gudu. Ratar da take tsakaninsu ba ta kai ko milimita 1 ba. A cikin wannan 'yar rata ruwa yake shiga ya kwanta, tsatsa ta fara. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, watau kumbura take yi, har ta cike ratar ta matse wili da hob kamar an zuba siminti.

A zamanin da ake yayin Fijo 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da ƙwaron Volkswagen da ake harhaɗawa a Ikko, yawancin wili na baƙin ƙarfe ne. Yanzu kuwa motoci da yawa suna zuwa da wilin alminiyom, wanda ake kira aloi. Shi alminiyom ba ya yin jar tsatsa, shi ya sa wasu suke zaton ba ya liƙewa. Ai ya ma fi liƙewa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwa ya shiga tsakaninsu, musamman ruwan gishiri, sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya. A nan alminiyom ne ake ci, sai ya riƙa fitar da wani farin gari mai kama da toka, wanda yake ƙanƙamewa ya riƙe hob.

Direban da ya koyi tuƙi a Sakkwato ko Gusau ko Azare yana iya shekara goma bai gamu da wannan ba, ya zo Kurmi ya gamu da shi cikin shekara guda. Dalili kuwa a fili yake. Ruwan saman da ake yi a Ikko cikin shekara ya kusa ninki biyu na Kano, ana kuma yinsa tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba, sai ɗan sararawa a watan Agusta. A Arewa hunturu yakan busar da komi ƙayau, a nan kuwa iska da laima take kwana da laima take tashi. Wanda yake zaune kusa da teku, kamar Apapa ko Lekki ko Badagiri, iskar da take kaɗa motarsa ma da gishiri a cikinta. Ga kuma ambaliya: duk wanda ya yi damina a Ikko ko Fatakwal ko Wari ya san yadda mota take ratsa ruwa har ya rufe rabin taya. Ƙarfe ya yi zafi saboda birki, a tsoma shi cikin ruwan kwata, a je a ajiye motar ta kwana a jiƙe. Babu abin da tsatsa take so kamar haka.

Bugu da ƙari, motocin tokumbo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can da yawansu daga ƙasashen sanyi suka fito, irin su Kanada da arewacin Amurka da Jamus, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin hunturu domin ƙanƙara ta narke. Irin wannan mota da tsatsarta take isowa, tun ba ta sha ruwan Ikko ba.

KAFIN A TAƁA KOMI

Duk dabarar da za mu faɗa a gaba tana girgiza mota, mota kuwa idan tana kan jak ba ta son girgiza. Saboda haka tilas a fara da shiri.

Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da inda motoci suke bi. Idan facin ya same ka a kan gada, kamar gadar Third Mainland da aka buɗe a 1990 mai tsawon kusan kilomita 12, ko a kan kwana, gara ka lallaɓa a hankali har inda za ka sami wurin tsayawa. Taya ta lalace ya fi a kwashe ka. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota kamar taku hamsin, ka kuma fitar da iyali duka su tsaya can nesa da bakin titi. Ba a ɗaga mota da mutum a ciki.

Ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta ɗaya, ko P idan motar mai canza giya da kanta ce. Sa'an nan ka sa weji gaba da bayan tayar da take kusurwar da ta saɓa da wadda za ka cire: idan ta gaba ta dama ce ta yi faci, ta baya ta hagu za ka tare. Dutse mai faɗi ko guntun katako ya isa.

Ana sassauta notuna ne tun taya tana ƙasa, kana a ɗaga. Jak kuwa yana da wurin da aka yi masa a ƙarƙashin mota, kusa da kowace taya, a nan za a kafa shi. Ƙasar Kurmi da damina laushi gare ta, don haka ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak kada ya nutse. Kada a yi amfani da bulon siminti mai rami, gama yakan farfashe farat ɗaya ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Da zarar mota ta ɗagu, ka kwantar da safaya ka tura ta ƙarƙashin motar kusa da jak. Idan jak ya zame, a kan safaya motar za ta faɗa. Wanda yake gida ko gareji kuwa, ya sa ƙarfen tokara mai ƙafafu, wanda makanikai suke dogara mota a kai. Shi jak aikinsa ɗagawa ne kawai.

Abu na ƙarshe, kada ka cire notuna duka. Ka bar guda biyu a jiki, a sassauce, yadda akwai 'yar rata tsakaninsu da wili. Taya idan za ta saki, farat ɗaya take saki, notunan nan su ne za su hana ta faɗo maka a ƙafa ko ta gangara tsakiyar titi. Wannan ya fi zama dole ga masu motocin Jamus, irin su Marsandi da Golf, waɗanda ƙusoshinsu suke fitowa gaba ɗaya. Toyota da Honda ƙusoshinsu a kafe suke a jikin hob, noti kaɗai ake cirewa, taya tana da abin ratayuwa. Su waɗancan kuwa, idan ka zare ƙusoshi duka, babu abin da ya rage yana riƙe da taya sai tsatsar.

DABARA TA FARKO: DUNDUNIYA

Jan taya da hannu ba ya karya tsatsa, bugu ne yake karya ta. Ka tsaya a gefen mota ka ba taya baya, ka dafa wani abu, sa'an nan ka buge gefen robar da dunduniyar takalminka, kamar yadda jaki yake harbi. Ka bugi ɓangaren hagu, ka koma na dama, ka bugi sama, ka bugi ƙasa. Abin da ake so shi ne wili ya riƙa karkata nan da can a kan bakin hob har tsatsar ta tsage. Robar ake bugu, can bakin gefe, domin a nan bugun ya fi tasiri. Wanda ya bugi tsakiya ƙara danna wilin ciki yake yi.

A sa takalmi mai tauri, ba silifa ba. Bayan kowane bugu uku ko huɗu ka dubi jak, ka tabbata bai karkata ba. Idan ya fara jirkicewa, ka sauke mota ka sake kafa shi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, sai ka ji ƙas, taya ta saki.

DABARA TA BIYU: MAI DA HAƘURI

Idan dunduniya ta kasa, sai a jiƙa tsatsar. Ka ɓalle ɗan murfin da yake tsakiyar wili, za ka ga inda bakin hob ya haɗu da ramin. Nan za ka fesa man gwangwani mai ratsa tsatsa, irin su WD-40, wanda ake samu a Ladipo da kowace kasuwar kayan mota. Idan babu, kananzir ko man gas ya yi. Ka zagaye bakin da shi, ka ɗan sa a ramukan da notuna suka fita, sa'an nan ka ba shi kamar minti 15 ya ratsa. Wannan jira shi ne yake yi wa mutane wuya, alhali kuwa shi ne rabin aikin.

A kula ƙwarai kada man ya zuba a kan faifan birki ko takalmansa, domin birkin da ya sha mai ba ya kamawa. Kaɗan ake sawa, a daidai wurin. Wasu makanikai sukan tsiyaya man birki a wurin. Gaskiya ne yana ratsawa, amma yana cin fenti, kuma yana jawo laima, watau ka kori tsatsar yau ka gayyato ta gobe.

Bayan man ya jiƙa wurin, sai a koma ga dunduniya.

DABARA TA UKU: KATAKO DA GUDUMA

Wannan ba a yinta sai an tokare mota da abin da ya fi jak. Ana so a bugi taya daga ciki zuwa waje. Ka sami guntun katako mai kauri ka ɗora a gefen taya ta ciki, can ƙasa, ka buge katakon da babbar guduma. Ka tsuguna a gaban tayar ko a bayanta, hannu kaɗai zai miƙa, kai da kafaɗa da ƙafafu suna waje. Idan katakon dogo ne, wani yana iya riƙe shi a saitin taya, kai kuma ka buga daga ɗaya gefen motar, babu wanda ya shiga ƙarƙashi.

A riƙa sauya wurin bugu. Idan tayar tana juyawa, a juya ta kaɗan bayan kowane bugu biyu. Idan birkin hannu ko giya ya riƙe ta, kada a sake su sai an tabbata an sa weji gaba da bayan tayoyin da suke ƙasa.

Katakon nan yana da dalili. Guduma a kan wilin baƙin ƙarfe tana lanƙwasa bakinsa, taya ta riƙa sace iska. A kan alminiyom kuwa tsagewa yake yi, wani lokaci tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da aka faɗa rami da gudu ta bayyana. A kuma lura da tiyon birki da wayoyin da suke bayan taya, kada guduma ta kauce ta same su.

DABARA TA HUƊU: NAUYIN MOTAR KANTA

Wannan ita ce ta fi dacewa da wanda yake bakin hanya ba shi da guduma ba shi da abin tokara, domin ba a kan jak ake yinta ba. Ƙaramar mota ta fi tan guda nauyi, babu ƙaton da zai yi bugun da ya kai haka.

Ka mayar da notuna duka, ka ɗaura su da hannu har su taɓa wili, sa'an nan ka mayar da kowanne baya zagaye guda, iyaka biyu. Ka janye safaya, ka sauke mota ƙasa, ka cire jak. Sai ku dafa motar ta gefe, daidai saitin tayar, ku riƙa tura ta kuna saki tana rangaji. Idan tayar gaba ce, a murɗa sitiyari hagu da dama har ƙarshe. Sau da yawa a nan za a ji ƙarar sakinta.

Idan ba ta saki ba, ka cire weji, ka ta da mota ka matsa gaba kamar taku biyar, da saurin tafiyar ƙafa, ka taka birki da ƙarfi. Ka koma baya haka nan ka sake takawa. Sau biyu ko uku ya isa. Da ka ji ƙas, ka tsaya nan take, ka mayar da weji, ka ɗaga mota ka cire tayarka.

Sharuɗɗan wannan dabara uku ne. Notuna duka suna jiki, babu wanda aka cire. Ba a sassauta su fiye da zagaye biyu, gama idan rata ta yi yawa wili zai riƙa dukan ƙusoshi ya lalata zarensu ko ya karya su. Kuma a gefen hanya ake yi ko a fili, ba a shiga titi da sassautattun notuna ko da na taku goma ne.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a sa wuta. Wannan muna roƙon masu karatu su riƙe shi da kyau, domin akwai masu kai mota wurin mai walda a gasa wili wai don ya buɗe. Idan aka gasa ƙarfen da roba take jikinsa, zafin yakan sa robar ta fara ruɓewa ta ciki tana fitar da iska mai kama wuta, har taya ta fashe kamar bom. Abin tsoron shi ne tana iya fashewa bayan an kashe wutar an ɗauka komi ya wuce, kuma sace iskar taya tun farko ba ya hana wannan. Ban da haka zafi yana ƙona giris ɗin boris, yana kuma raunana alminiyom.

Ba a dukan kan ƙusoshi da guduma, zarensu zai mutu, noti ya ƙi shiga. Ba a zura ƙarfe tsakanin wili da faifan birki a yi ta banƙara. Ba a ɗaura igiya a taya a ce wata mota ta ja, domin motar za a fizgo daga kan jak. Ba a kuma barin yaro ya leƙa ƙarƙashi don ya ga abin da ya riƙe.

Idan duk an yi waɗannan ba ta fita ba, ko dare ya yi a wurin da ba a amince da shi ba, to, a ɗaure notuna sosai a nemi taimako. Mai faci yana iya zuwa da famfo ya ba taya iska, ko ya toshe hujin tana jikin mota idan irin marar tib ce, a lallaɓa zuwa gareji. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira 122, a Jihar Ikko kuma akwai 112 da 767.

GA DIREBOBIN MANYAN MOTOCI

'Yan'uwanmu masu jan tirela da tanka daga Apapa, da masu ɗauko shanu da tumatir da albasa daga Arewa, nasu ya fi haɗari. Tayar tirela guda da wilinta ta kai nauyin babban buhun masara, iskar da take ciki kuma ta ninka ta ƙaramar mota wajen sau uku. Idan ta saki ta faɗo wa yaron mota a ƙafa, karaya ce.

Tsofaffin manyan motoci da yawa suna da wili mai zobe, watau wanda bakinsa yake cirewa. Irin wannan ba a kwance notinsa, balle a buge shi, sai an sace iskar tayar ƙaf. Idan tayoyi biyu ne a haɗe, a sace duka biyun, domin wilin ciki yana iya kasancewa a tsage, na waje ne yake tare shi. Zoben nan idan ya ɓalle da iska a ciki, duk wanda yake saitinsa sai dai wani ikon Allah. Maigida ya hana yaransa tsayawa a gaban taya lokacin da ake dukanta ko ake ba ta iska.

Har ila yau, wasu manyan motoci, musamman tsofaffi da waɗansu na Japan, notunan ɓangaren hagu a juye suke kwancewa. Akan buga harafin L a kan ƙusar ko notin. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaurewa yana cewa noti ya ƙi, har ya karya ƙusa. Mai tanka kuwa ba sai an gaya masa ba, ko ashana ba ta kusantar motarsa, balle wutar walda.

RANAR DA TA FITA

Kada a yi murna a ɗora safaya a kan tsatsar nan a wuce. Idan akwai hali, a nan take, in babu, da an isa masauki, a sa burushin waya ko samfefa a goge bakin hob da fuskarsa har ƙarfe ya fito fes, a goge ramin wili da bayansa. Wannan ya wuce maganar liƙewa kawai: wilin da ya zauna a kan ɓarɓashin tsatsa bai zauna daidai ba, idan tsatsar ta murmushe a hanya sai notuna su yi sako-sako.

Sa'an nan a lakaci giris kaɗan a shafa a zagayen bakin hob, shafa marar kauri. Mai ruwan jan ƙarfe ko wani mai jure zafi ya fi, domin giris na yau da kullum yakan narke idan birki ya yi zafi. A bakin hob kaɗai za a shafa. Kada a sa a zaren ƙusoshi ko a mazaunin noti, gama awon ɗaurin da masu ƙera mota suka bayar na busasshen zare ne, idan aka sa mai sai ɗaurin ya zarce ƙima ba a sani ba.

A fara ɗaura notuna da hannu, kana a bi su da sifana a tsallake, wannan sa'an nan na daura da shi, ba a jere ba. A ƙarasa ɗaurin bayan an sauke mota. Yawancin ƙananan motoci ɗaurinsu tsakanin 100 ne da 120 a ma'aunin Niyuton-mita, na Toyota Corolla 103 ne. Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce, idan sifanarka tsawonta ƙafa guda ne, nauyin kilo 35 a ƙarshenta ya isa. To, ka dubi mai facin da yake zura bututu mai tsawon mita guda a sifana, ya hau kai da nauyinsa na kilo 70 yana tsalle. Ya ninka abin da ake bukata fiye da sau shida. Shi ne mafarin notin da yake ƙin kwancewa a daji, da ƙusar da take tsinkewa ana cikin gudu. Ka tsaya a kansa lokacin da yake ɗaurewa, ka kuma gwada da taka sifanar kafin ka biya shi. Abin da ba za ka iya kwancewa a gabansa ba, ba za ka iya ba a dajin Mokwa. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin notunan.

Babban maganin dai shi ne kada ranar faci ta zama ranar farko da aka cire tayar. Mai mota a Kurmi ya kamata ya sa a cire tayoyinsa huɗu a goge a shafa aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Masu ƙera taya ma suna ba da shawarar a riƙa sauya musu wuri bayan kowane kilomita 10,000 ko ƙasa da haka domin su ci daidai, sai a haɗa aikin biyu a rana guda. Wanda ya sayi tokumbo ya yi wannan tun makon farko.

Kai kuma mai shirin tafiya gida, saura mako guda ka ware safiya ɗaya. Ka fito da jak ɗinka da sifanarka, ba na gareji ba, ka cire kowace taya da hannunka ka mayar. Ka duba iskar safaya. Idan motarka tana da notin sirri mai mabuɗi na musamman, ka tabbata mabuɗin yana cikin mota. Ka jefa guntun katako mai kauri da weji biyu da gwangwanin mai da tocila a but, ba za su hana tsaraba shiga ba. Tayar da za ta yi gardama, gara ta yi a ƙofar gidanka, inda akwai inuwa da makaniki da maƙwabta, da ta yi tsakanin Jebba da Mokwa bayan magariba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da shi lafiya.